Kundin aiki a kan zafin tsakiyar gungun Perseus

4 ga Fabrairu

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Abin da na sa a gaba shi ne in auna zafi da kaurin iskar gas da ke tsakiyar gungun galaksi na Perseus (galaksi tarin biliyoyin taurari ne), da hannuna, daga bayanan da Chandra, na'urar hangen nesa da ke kallon eksire (X-ray) daga sararin sama, ta tara, sannan in lissafa tsawon lokacin da ya kamata gas ɗin ya ɗauka kafin ya huce. Masana sun riga sun yi wannan fiye da shekara ashirin da suka wuce, sun kuma maimaita. Ni dai na gaji da ganin lambar a rubuce-rubucen wasu, ina so in ga ta inda take ɓullowa.

Perseus shi ne lamba 426 a jerin gungu 2,712 da George Abell ya wallafa a 1958. Nisansa da mu kimanin shekarar haske miliyan 240 ne, kuma babu gungun da ya kai shi haske a eksire a duk sararin sama. Wanda ya kalle shi da hasken da ido ke gani, galaksi zai gani warwatse cikin duhu. A eksire kuwa galaksin kan ɓace, duhun da ke tsakaninsu ne ke haskakawa. Ashe wurin da muke zaton fayau ne cike yake da gas mai zafin digiri miliyan gommai, wanda nauyinsa ya ninka na taurarin gungun gaba ɗaya sau da yawa. Shi kansa gas ɗin ƙaramin kaso ne. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin gungu ɓoyayyen abu ne da ba ya ba da haske, wanda Fritz Zwicky ya fara jin ƙanshinsa a gungun Coma tun 1933.

9 ga Fabrairu

Na sauke bayanan. Chandra takan saki abin da ta gani ga kowa, galibi bayan wani wa'adi, saboda haka duk mai kwamfuta da intanet da haƙuri zai iya wannan aiki. Na ɗauki kallon 2002 da na 2004, dukansu da kyamarar Chandra mai suna ACIS aka yi su.

Abin da ya sauko ba hoto ba ne. Dogon jeri ne, kowane layi ƙwayar haske guda: lokacin da ta iso, inda ta faɗa a kan kyamara, da ƙarfin da ta zo da shi. Na jima ina gangara jerin ban taɓa komai ba. Kowane layi ya baro tushensa tun zamanin da dabbobin dainaso na farko ke shirin bayyana a doron ƙasa, ya wuce komai a hanya, ya goge madubi, ya faɗa a nan.

Kalmar gogewa da gangan na zaɓe ta. Eksire ba ya dawowa daga madubi idan ya tunkare shi kai tsaye, shigewa yake yi. Dole a sa shi ya shafi fuskar madubin a kaikaice ƙwarai, kamar yadda fallen dutse ke tsalle a kan ruwa in an iya jifa. Don haka madubin Chandra ganguna ne huɗu-huɗu, wani cikin wani, an shafe su da ƙarfen iridiyam. Tun da aka harba ta a watan Yulin 1999 har yau babu na'urar eksire da ta kai ta kaifin gani, rabin daƙiƙar kusurwa (digiri ɗaya na kusurwa minti 60 ne, minti ɗaya kuma daƙiƙa 60). A nisan Perseus, minti ɗaya na kusurwa kusan shekarar haske 70,000 ne.

15 ga Fabrairu

Tsabtace bayanai. Na bi su da manhajar CIAO, na sabunta ma'aunin gyara, na zana yawan ƙwayoyin da ke shigowa a kowane ɗan lokaci domin in gano inda barbashin da ke yawo a sararin sama suka yi wa kyamara ruwa. Inda layin ya yi tsalle na yanke. Na rasa wani ɓangare na lokacin kallo, ban yi baƙin ciki ba.

Daga nan na cire ɗige-ɗigen haske da ke bayan gungun, yawancinsu baƙaƙen ramuka ne (black hole, dunƙulen da jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuce masa) na wasu galaksi masu nisa da ba ruwansu da Perseus.

22 ga Fabrairu

Yau na ga hoton karon farko, na kuma kasa tashi daga kujera.

A tsakiya ga NGC 1275, babbar galaksin gungun, da ɗigon haske mai kashe ido a cibiyarta. Arewa da kudu da ita akwai ramuka biyu masu duhu, kewaye da baki mai haske, kamar an hura kumfa a cikin hazo. Can gefe akwai wasu tsofaffin ramukan da suka riga suka yi nisa. Na san da su, na sha ganinsu a hotunan da aka wallafa, tun wanda na'urar ROSAT ta Jamus ta ɗauka aka bayyana a 1993. Amma ganin su suna fitowa daga jerin lambobin da na tace da kaina wani abu ne dabam.

Ramukan ba fanko ba ne. Baƙin ramin da ke cibiyar NGC 1275 yana fesa barbashi masu gudun kusa da na haske ta ɓangarori biyu, feshin ya ture gas mai zafin gefe ya zauna a gurbinsa. Idan aka ɗora hoton rediyo na wurin, wanda masu rediyo ke kira 3C 84, a kan hoton eksire, sai hasken rediyon ya cike ramukan cif, kamar murfi da tukunyarsa.

Ɗigon cibiyar na cire shi daga lissafi. Kyamarar takan kwashe abin da ta tara duk bayan daƙiƙa 3.2, kuma wurin yana da haske har ƙwaya biyu kan faɗa gurbi ɗaya kafin a kwashe, sai a ƙirga su ƙwaya guda mai ninkin ƙarfi. Duk abin da aka auna a nan gurɓatacce ne.

1 ga Maris

Matsalar bango. Kowace kyamara tana ƙirga abin da ba daga sama ya zo ba, dole a san yawansa a cire. A ƙaramin abu sai ka auna gefen hoton inda babu komai. Perseus ya cika kyamarar baki da baki, ya zube waje, babu gefen da za a ce babu komai. Sai na koma ga hotunan sararin da babu gungu, waɗanda aka tanada don irin wannan, na daidaita su da nawa ta hanyar kwatanta ƙirgar da ke can sama da keV 9.5 (keV ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ne), inda madubin kusan ba ya tara haske, duk abin da aka gani barbashi ne. A tsakiya bangon ba ya sauya komai, hasken ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. A zoben waje ne yake iya ɗaga zafi ko ya sauke shi.

8 ga Maris

Na raba hoton zobe-zobe daga cibiya zuwa waje, na fitar da bakan hasken kowane zobe, wato yawan ƙwayoyin da suka zo a kowane ƙarfi, na fara gwada su da lissafi a manhajar XSPEC.

Ga yadda ake karanta zafi daga haske. A irin wannan zafi kusan duk atom ya rabu da elektiron ɗinsa. Elektiron yana gudu, ya gifta kusa da furoton, ya karkace, ya yi asarar ɗan ƙarfi, ƙarfin ya fita a matsayin ƙwayar eksire. Gwargwadon zafin gas, gwargwadon yadda ƙwayoyi masu ƙarfi ke yawaita, don haka gangaren bakan shi ne ma'aunin zafi. Masu wannan fanni da keV suke magana, keV ɗaya kuwa daidai yake da digiri miliyan 11.6. Yawan hasken kuma shi ke faɗin kauri.

A kan gangaren akwai wani tsauni a keV 6.7, an ɗan ja shi ƙasa saboda gungun yana nesanta da mu. Wannan sa hannun baƙin ƙarfe ne wanda elektiron biyu kacal suka rage masa cikin 26. A nan Perseus aka fara ganinsa, da tauraron ɗan'adam na Ingila Ariel 5, aka bayyana a 1976. Wannan layi ne ya raba gardama. Tun da tauraron ɗan'adam na Uhuru, wanda aka harba daga gaɓar tekun Kenya a Disambar 1970, ya nuna cewa hasken gungu shimfiɗaɗɗe ne, ake muhawara a kan tushensa. Layin ya tabbatar gas ne mai zafi, ya kuma ƙara wani abu da har yanzu yake tsaya mini a rai. Ƙarfe a cikin taurari ake ƙera shi, fashewarsu ke watsa shi. Kenan wannan gas da ke tsakanin galaksi ya taɓa gauraya da abin da ya fito daga cikin taurari. Can gefen Perseus, inda na'urar Suzaku ta Japan ta auna, ƙarfen kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ke cikin rana, kuma daidai yake ta kowace fuska, alamar cewa an watsa shi tun fiye da shekara biliyan 10, kafin gungun ya gama haɗuwa.

16 ga Maris

Mako guda ya tafi a kan kuskure ɗaya. Bakan 2002 da na 2004 na zobe guda sun ƙi yarda da juna a ƙasan keV ɗaya, zafin da nake samu kuma yana yawo. Na zargi bango, na sake shi sau biyu. Na zargi gas ɗin galaksinmu, domin Perseus yana kusa da faifan Hanyar Madara a sama, haskensa kan ratsa ƙura da gas masu yawa da ke shanye eksire mai rauni. Ba nan ba ne.

Na kai wa malamina zanen. Ya duba bai fi minti biyu ba ya ce, "Wane fayil ɗin amsawar kyamara ka ba kowanne?"

Na ce, "Guda ɗaya ne, Malam, ai kyamara ɗaya ce."

Ya ce, "Kyamara ɗaya, amma ba shekara ɗaya ba. Je ka sake."

Tun bayan harba Chandra wani siririn datti yake taruwa a kan matatar da ke gaban ACIS, yana ƙara kauri shekara bayan shekara, yana tare ƙwayoyi masu rauni. Idon da ya kalli Perseus a 2004 ya fi na 2002 dushewa. Kowane kallo da nasa fayil ɗin da ke bayyana halin kyamarar a ranar. Na yi wa kowanne nasa, bakan biyu suka hau kan juna.

23 ga Maris

Zafi ya fito. Daga waje kusan keV 6 ne zuwa 7, wato digiri miliyan 70 zuwa 80, yana sauka sannu a hankali har wajen keV 3 kusa da tsakiya. Ya dace da abin da aka sani, hankalina ya kwanta.

Sai dai zoben da nake gani a hoto ba zobe ba ne a zahiri. Gungu dunƙule ne, idan na kalli tsakiyarsa ina kallo ne ta cikin duk gas ɗin da ke gaba da wanda ke baya, masu zafi fiye da na ciki. Maganin shi ne a fara daga ɓawon waje, a auna shi, a cire rabonsa daga na cikinsa, a ci gaba ɓawo bayan ɓawo. Dabarar tana ɗauka cewa gungun mulmulalle ne ta ko'ina, hoton da ke gabana kuwa ga ramuka, ga wani murɗaɗɗen hannu na gas mai ɗan sanyi da ke kewaya cibiya, wanda ake dangantawa da girgizar da wani ƙaramin gungu ya haddasa da ya gifta. Zan yi amfani da dabarar, amma yanki-yanki, ina kauce wa ramukan.

2 ga Afrilu

Lambar da na fito nema ta samu.

Kaurin gas a tsakiya elektiron gommai ne a cikin lita guda. Can waje ma bai fi guda ɗaya a lita ba, ko ƙasa da haka. Babu ɗakin gwaji a duniya da ke iya kwashe iska har ta kai wannan siranta, amma faɗin wurin ya sa jimillar ta yi nauyin da ba ya misaltuwa. Abin da ya sa kauri ke da muhimmanci shi ne, haske daga haɗuwar barbashi biyu yake fitowa, don haka in kauri ya ninka biyu, haske ninki huɗu yake yi. Hasken nan kuwa zafin gas ɗin ne ke tsiyayewa. Tsakiya, inda ya fi kauri, nan ne ya fi saurin asara.

Na raba zafin da ke ajiye a kowane ɓawo da yawan wanda ke fita a daƙiƙa. A ɓawon ciki amsar ba ta kai shekara biliyan ɗaya ba. Sararin samaniya kuwa shekararsa biliyan 13.8. Gas ɗin ya sami lokacin hucewa sau fiye da goma.

In da abin ya tafi yadda lissafi ya ce, gas na tsakiya zai huce, matsinsa ya ragu, na sama ya danno shi, ya ƙara kauri, ya ƙara saurin hucewa, a ƙarshe ya zube ya zama taurari. Tun 1977 aka tsara wannan tunani, Andrew Fabian yana cikin waɗanda suka fara, aka kuma yi hasashen cewa a gungu irin Perseus gas mai nauyin rana ɗaruruwa ne ke hucewa duk shekara. Aka nemi taurarin, ba a same su da wannan yawa ba. A 2001 ma'aunin bakan haske na XMM-Newton, na'urar Turai, ya duba tsakiyar gungu da dama ya tarar gas ɗin yana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin waje, daga nan layukan da gas mafi sanyi ya kamata ya bayar sun yi ƙaranci ƙwarai. Akwai gas mai sanyi a NGC 1275, ga zarurrukansa nan suna miƙewa dubban shekarun haske a hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble, amma bai kai abin da aka yi tsammani ba ko kusa. Wani abu yana mayar da zafin da ke fita.

11 ga Afrilu

Na koma kan ramukan da na kauce wa. Hura kumfa a cikin gas mai matsi aiki ne, ana kuma iya auna shi: matsin gas ɗin da ke kewaye, a ninka da girman ramin, a ninka da huɗu in abin da ke ciki barbashi ne masu gudun kusa da na haske. A raba da shekarun ramin, wanda ake ƙiyastawa daga lokacin da sauti zai ɗauka ya kai wurin ko lokacin da kumfar za ta ɗauka ta taso, sai a sami ƙarfin baƙin ramin. Sauti a wannan gas yana gudun kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa, shekarun ramukan ciki kuma suna faɗawa wajen miliyan goma.

Abin da na samu yana cikin ma'auni ɗaya da zafin da tsakiyar ke asara. Na yi murna, amma ba zan ɗora masa nauyin da ba zai ɗauka ba. Gefen ramin da ido na zana shi. In na ƙara faɗinsa da kashi 20 cikin ɗari, girmansa zai ƙaru da sama da kashi 70, domin faɗi sau uku yake shiga lissafi. Zurfinsa ta fuskar da nake kallo kuwa zato ne aka gina a kan faɗin. Zan zana shi sau uku, a matse, a tsakaice, a sake, in rubuta dukkan amsoshin.

Duk da haka, abin da ke ba ni mamaki ba ya raguwa. Baƙin ramin, duk girmansa, faɗinsa bai wuce na tsarin rana da duniyoyinta ba, amma shi ke riƙe da zafin yanki mai faɗin shekarar haske dubu ɗaruruwa. Gas ya ɗan huce ya gangaro, baƙin ramin ya samu abin haɗiya, ya yi feshi, feshin ya ɗumama gas, gangarowa ta ragu. A gungun MS 0735.6+7421, wanda aka bayyana a 2005, kowace kumfa za ta ɗauke galaksinmu sau da yawa. A gungun Phoenix kuwa, da aka bayyana a 2012, hucewa ta fi ƙarfin ɗumamawa, galaksin tsakiya tana haifar taurari ɗaruruwa a shekara.

19 ga Afrilu

Jimilla ta daidaita, saura hanya. Feshin ta fuska biyu yake fita, siriri, gas kuwa ta kowace fuska yake hucewa. Ta yaya zafi ke barin kumfa ya bazu ko'ina?

Na gwada ganin amsa ɗaya da idona. Na ɗauki hoton, na yi masa kwafi mai laushi, na cire mai laushin daga na asali domin ƙananan bambance-bambance su fito. Sai ga wasu siraran layuka masu lanƙwasa suna kewaye ramukan, ɗaya bayan ɗaya, kamar zoben da ke bazuwa in an jefa tsakuwa a tafki. Su ne Fabian da abokan aikinsa suka bayyana a 2003 suka fassara da igiyoyin sauti, guda ɗaya duk bayan kimanin shekara miliyan goma. A nawa hoton ba su fito sarai ba sai da na haɗa dukkan kallon, kuma in na sauya yawan laushin wasu kan ɓace. Waɗanda suka tsaya a kowane gwaji su kaɗai na yi wa alama.

Ɗaya amsar ita ce hargitsin da kumfa ke bari a bayanta in tana tasowa. Wannan ACIS ba za ta iya aunawa ba, layin ƙarfen a wurinta tudu ne mai faɗi. Hitomi ta Japan ce ta auna shi. An harba ta a Fabrairun 2016, ta lalace a Maris, amma cikin 'yan makonnin da ta rayu ta kalli Perseus da ma'aunin da aka sanyaya zuwa kashi 5 cikin ɗari na digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi. Tudun ya rabu ya zama sirarun layuka, faɗinsu ya nuna gas ɗin yana motsin kusan kilomita 164 a daƙiƙa. Ga wurin da baƙin rami ke ta dama shi, wannan natsuwa ce, matsin hargitsin kusan kashi 4 cikin ɗari ne na matsin zafi. XRISM, wadda ta gaje ta a Satumbar 2023, tana ci gaba da wannan awo, ko da yake murfin kariya da ke gaban ma'auninta bai buɗe ba, eksire mai rauni ba ya shiga. Layin ƙarfe yana wucewa lafiya.

27 ga Afrilu

Na gama zana ramukan sau uku, na shigar da amsoshin a teburi ɗaya da lokacin hucewar kowane ɓawo. Yankin gabas da na yamma ba su ba da zafi ɗaya ba a nisa ɗaya daga cibiya, kuma bambancin yana bin murɗaɗɗen hannun nan, don haka zan rarraba yankunan ƙanana in sake. Malam ya ce kafin in yarda da zafin zoben waje in gwada shi da bayanan XMM-Newton na wuri guda, domin an san Chandra kan ba da zafi mafi girma a gas mai tsananin zafi, kuma tazarar tana ƙaruwa da zafin. Na fara sauke su da yammacin nan, manhajarsu dabam ce, gobe zan girka ta.